ZAUREN MAKARANTA: Koya Wa Yara Siffanta Abu A Rubuce

  A fitowar da ta wuce mun yi magana a kan rubuta wasiƙa, har muka yi alkawari wannan karo za mu shiga lissafin kasuwa. To, a gafarce mu, mun ɗaga lissafi sai gaba, domin wani abu ya faru a unguwarmu wanda ya nuna mana akwai darasin da ya fi shi gaggawa.

Ran wata Jumma'a da la'asar wata tsohuwa ta zo ƙofar masallacin unguwa tana kuka, ta ce, "Jika na ya ɓace tun da aka sauko daga masallaci." Ladan ya ce, "Mma, kwantar da hankalinki, yaya kamanni?" Ta ce, "Ƙarami ne, baƙi ne, ya sa riga mai kyau." Yadda ta faɗa haka ladan ya sanar a lasifika, bai ƙara ba, bai rage ba. Samari suka bazu, waɗansu suka nufi Aboabo, waɗansu Asawase, waɗansu har bakin Kejetia, kowa yana duban ɗan yaro baƙi mai riga. Ba a dace ba sai bayan lisha, sa'ad da wata Batoniya mai sayar da burodi ta rufe teburinta ta riƙo hannun wata yarinya 'yar shekara biyar tana tambaya gida gida. Ashe jikan nan mace ce. Tun la'asar tana zaune kusa da teburin matar nan, da kitso biyu da ɗan kunne da jan takalmin roba, biyu daga cikin masu neman kuwa sun wuce ta gabanta har sau biyu, ba su ko dube ta ba. Allah ya saka wa matar nan da alheri.

Ba mu ga laifin tsohuwa ba, wanda hankalinsa ya tashi ba ya tsara magana. Amma abin ya tsaya mana a rai. Da gari ya waye Asabar, muka shiga ajin Hausa da mu ke yi wa yara a makarantar allo bayan an tashi karatu, muka ce kowa ya ɗauki takarda ya rubuta kamannin ƙanensa ko ƙanwarsa, yadda baƙon da bai taɓa ganinsa ba zai iya tsamo shi cikin taron Kejetia. Yara ashirin da 'yan kai. Da muka karɓi takardu muka karanta, sai muka ga da za a musanya sunaye ba wanda zai gane. Ƙanen kowa ƙarami ne, yana da kyau, yana son wasa. Yarinya guda kaɗai ta ce ƙanenta yana da tabon ƙuna a bayan hannun hagu. Ita kaɗai da za a samo nata.

Wannan irin rubutu shi mu ke kira siffantawa, waɗansu su ce kwatanci. Manufarsa guda ce, watau ka sa wanda bai ga abu ba ya zama kamar ya gan shi, har in ya tarar da shi ya shaida shi. Ba a makaranta kaɗai a ke bukatarsa ba. Wanda aka sace wa babur zai siffanta shi a ofishin 'yan sanda. Marar lafiya zai siffanta wa likita ciwonsa, ko suka ne, ko zugi, ko murɗa, ko raɗaɗi, kowanne kuwa da inda ya nufa. Alhajin da ya rabu da ayarinsa a Mina sai an siffanta shi. Hatta mai rubuta takardar cinikin fili, in bai faɗi abin da ke gabas da yamma da kudu da arewa ba, ya bar wa jikokinsa shari'a. Yaranmu kuma da za su zauna jarrabawar BECE, a takardar Turanci a kan ce su siffanta mutum ko wuri ko wani biki. Ko da ya ke Hausa ba ta cikin harsunan da gwamnatin Gana ta ɗauka don koyarwa a makarantu, mun daɗe da lura yaron da ya koyi duban abu da harshen gidansu ya kan ɗauki idon nan ya shiga Turanci da shi. Wanda bai iya duba ba, ko ya haddace ƙamus, takardarsa fanko ce.

Don haka ba mu fara da alƙalami ba. Asabar ta biyu muka sayo goro, muka ba kowane yaro guda, muka ce ba ci, ba rubutu, a duba kurum har mu ƙirga ɗari. Sa'an nan muka tambaya. Da fari sai aka yi ta cewa ja ne, ja ne. Muka ce, ja kamar me? Kamar barkono? Suka ce a'a. Kamar jini? A'a. Can wani ya ce nasa ja ne mai duhu kamar hanta, wata ta ce nata ja-ja ne da ratsin fari wajen gindi. To, an fara. Muka ce a rufe ido a shafa. Aka ce santsi, aka ce sanyi, wani ya ce akwai wata tsaga da ta zagaye shi kamar ɗinki. Muka ce a ɓare ta nan wajen, a kasa kunne. Ya yi ƙas, ya rabu biyu. Aka sansana, aka ɗanɗana, fuskoki suka yamutse don ɗaci, muka ba su ruwa suka kurɓa, sai ga wani ya yi ihu wai ruwan ya koma zaƙi. Wannan abu kowane tsoho ya san shi, amma yaron nan shi ya gano shi da bakinsa, ba kuwa zai mance da shi a takarda ba.

Mun gayyato wani dattijo wanda ya tsufa cikin cinikin goro ya zauna tare da mu ran nan. Da ya ji yara suna cewa babban goro, ƙaramin goro, sai ya yi dariya ya ce, "Jikokina, ai goro ba ya da babba da ƙarami a bakin mai goro." Ya zazzage jakarsa a kan tabarma ya shiga warewa. Wannan goriya ce, uwar girma, ita a ke sa wa bisa in za a kai gaisuwa. Wannan marsa. Waɗannan ƙanana minu. Wannan da ya yi laushin ɗaci daushe ne, watau na bara da aka adana. Wannan da ya yi baƙin tabo sankara ta kama shi. Ya gaya musu ƙwarya goro ɗari ce, ya kwatanta yadda a ke jera shi cikin ganye a ɗaure huhu, a riƙa buɗewa ana tsince ruɓaɓɓu ana yayyafa ruwa. Wani yaro ya ce, "Baba Alhaji, duk waɗannan Hausa ne?" Ya ce, "Su ne Hausar da ta kawo kakanka Gwanja."

A nan ne fa babban darasi ya ke, mu ma malamai a ran nan muka daɗa fahimtarsa. Yara su kan zaci siffantawa ita ce tara kalmomin ado a bayan suna. Alhali kuwa rabin aikin yana ga sunan kansa. In ka ce goriya, ka huta da cewa babban goro ƙwarai da gaske. In ka ce akawal, mai doki ya san baƙi ka ke nufi, in ka ce kili ya san fari ne. Kada yaro ya rubuta tufa in yana nufin jallabiya, ko kwano in yana nufin langa, ko tsuntsu in yana nufin shirwa. Mun kafa doka a ajin nan, wadda mu ke roƙon iyaye su taimake mu da ita a gida: an hana rubuta "mai kyau", da "mai daɗi", da "da yawa", har wata guda. Ba don haram ba ne, sai don su ne mafakar malalaci. Yaro ya ce kasuwa tana da mutane da yawa, mu ce har yaya? Ya ce har ba ka iya ganin ƙafarka in kana tafiya. To, rubuta wannan.

Yanzu sai mu zo ga sifa, watau kalmomi irin su fari, baƙi, dogo, gajere, sabo, tsoho. Hausa tana da hanya biyu ta ajiye su. Ko ka sa sifa gaba ka ɗaura mata ƙugiya, ka ce farin doki, farar riga, fararen kaya, ko ka sa ta baya ka ce doki fari, riga fara, kaya farare. Duka daidai ne, amma in sifa ta zo baya ta fi nauyi a kunne, shi ya sa mai cigiya ya kan ce akuya ja, mai ƙaho guda. Ga kuma "mai" da "masu" da "marar", waɗanda da su ka ke mayar da kowane suna sifa: rijiya mai zurfi, mutum mai saje, wuƙa marar kaifi. Launi kuwa in ya wuce fari da baƙi da ja da kore da shuɗi da rawaya, sai a ari na wani abu a ce ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan goro, ruwan hoda. In launin bai cika ba a ninka shi, a ce fari-fari, baƙi-baƙi.

Ga wurin da ke da ƙaya. Kowa ya sani Hausarmu ta Gana ta daɗe da sakin bambancin namiji da mace. Mu kan ce mata na ya zo, riga na fari ne, kasuwa ya cika. Haka muka tashi muka ji, haka uwayenmu su ke faɗi, ba mu kuwa yarda wani ya zo daga wani wuri ya ce mana ba Hausa ba ce. Harshen da ya yi shekara fiye da ɗari yana cuɗanya da Tonanci da Dagombanci da Mosanci da Zabarmanci lalle ya ɗauki kamannin wurin. Ba mu dukan yaro a kan wannan, ba ma yi masa dariya. Amma a rubutu mun zaɓi mu bi ƙa'idar da a ke bugawa a littattafai, don takardar da aka rubuta a Kumasi ta karantu a Kano da Damagaram ba tare da tuntuɓe ba. Akwai kuma dalili na biyu, shi ne wanda tsohuwar nan ta koya mana ba da saninta ba. Da ta ce jikata ta ɓace, ƙarama ce, baƙa ce, ta sa riga, ai sau biyar ke nan ta gaya wa jama'a mace a ke nema, tun ba ta ambaci kitso ba. 'Yan haruffan nan su ma siffantawa su ke yi.

Yadda mu ke koyar da shi ba wuya. Mu kan rubuta dogo, doguwa, dogaye a allo, mu kira suna, yara su amsa. Yaro? Dogon yaro. Yarinya? Doguwar yarinya. Itatuwa? Dogayen itatuwa. Mafi yawan sunayen da suka ƙare da "a" mata ne, kamar riga da hula da kasuwa da mota, amma akwai masu tawaye irin su gida da ruwa da nama da suna, waɗanda maza ne, sai an haddace su. Babba kuma shi ba ya sake riga, ƙugiyarsa kaɗai ke sakewa: babban gida, babbar kasuwa, in sun yi yawa a ce manya. Minti goma a kowace Asabar ya isa. Fiye da haka gajiya ce.

Abin da yara suka fi so shi ne kalmomin nan da masu nahawu su ke kira amsa-kama. Fari fat, baƙi ƙirin, ja wur, kore shar, sabo ful, tsoho tukuf, cike maƙil, jiƙe sharkaf, shiru tsit, ɗaya tak, tsaye ƙiƙam. Kowace tana da mijinta, ba a yi mata auren dole. Ba a cewa ja fat, ba a cewa fari ƙirin. Mun yi wasa da su, mu faɗi rabi yara su cika, aji ya kaure da dariya, har malamin allo ya leƙo ya ga ko lafiya. Abin baƙin ciki, rabin waɗannan kalmomi yaran ba su taɓa jinsu ba sai a bakin kakanninsu, waɗansu ma ko a can ba su ji ba. Haka kuma sifofin nan masu cika baki, irin su zungureren sanda, shirgegen sa, fankamemen fili, ko 'yar mitsitsiyar allura. Turanci sai ya haɗa kalma uku kafin ya kamo abin da zungurere ya faɗa shi kaɗai. Amma fa mun gargaɗe su. Wata yarinya da daɗin abin ya kwashe ta ta kawo mana layi shida da amsa-kama tara a ciki, muka karanta wa aji da ƙarfi, ita da kanta ta ce ya yi kamar kalangu. Guda ko biyu a shafi sun isa, a wurin da a ke son mai karatu ya tsaya.

Sai tsari. Yaro ya kan fara da takalmin mutum, ya yi tsalle zuwa hancinsa, ya koma sana'arsa, ya dawo kunne. Mu kan ce masa, in baƙo ya shigo gidanku ta ina ya ke fara gani? Fara da faɗin ko mene ne abin, da inda ya ke, da girmansa a dunƙule. Sa'an nan ka bi hanya guda kada ka sake ta: in mutum ne daga kai zuwa ƙafa, in gida ne daga zaure zuwa ƙurya, in kasuwa ce ka tsaya wuri guda ka juya daga dama zuwa hagu. Kalmomin da ke riƙe da wannan tafiya su ne gaban, bayan, gefen, tsakanin, ƙarƙashin, bisa, daura da, can ƙurya. Mun tarar da yawancin yara ba su san gabas da yamma ba, sai muka ce ina ku ke fuskanta in za ku yi salla? Daga nan sauran ukun suka fito. Awo ma haka. Kusa da nesa ba awo ba ne. A ce taku talatin, ko tafiyar minti biyar, ko tsawon taƙi biyu, ko kamu uku. Kwatanci da "kamar" da "ya fi" yana da amfani in abin da aka kwatanta da shi sananne ne ga mai karatu. Wani yaro ya rubuta wai rawanin liman fari ne kamar ƙanƙarar da ke zuba a Ingila. Muka ce ka taɓa ganinta? Ya ce a'a. Muka ce to, auduga fa?

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne zamewa cikin labari. A ce wa yaro siffanta kasuwa, layi biyu sai ka ga "sai na tafi, sai na ga abokina, sai muka sayi rake". Ya bar kasuwa ya bi abokinsa. Labari yana tafiya, siffantawa kuwa a tsaye ta ke. Alamarta a harshe ita ce akwai, da yana da, da ne da ce, da ya kan don abin da aka saba, da kuma kalmomin hali irin su a zaune, a buɗe, a jere, yana rataye, tana jingine. Mu kan ba yaro jan alƙalami mu ce ya zagaye kowane "sai" da ke takardarsa. In sun wuce biyu, ya koma.

Ga misali daga ajin, da izinin mai shi, yarinya 'yar shekara goma sha biyu. Ran farko ta rubuta: "Mai kokon unguwarmu mace ce mai kirki. Kokonta yana da daɗi ƙwarai. Mutane da yawa suna saye. Wurinta yana da kyau." Bayan Asabar huɗu, da muka aike ta ta je ta tsaya ta duba da asuba, ga abin da ta kawo, ba mu gyara kome ba sai ƙugiyoyi biyu:

"Mai kokon unguwarmu tana zama a gindin mangwaro, gabas da famfo, tun kafin a fito sallar asuba. Doguwa ce, wankan tarwaɗa, tana da wushirya, kullum da shuɗin mayafi ɗaure a ƙugunta. A gabanta akwai ƙatuwar tukunya a naɗe da tsumma da leda don kada koko ya huce. In ta ɗaga murfi tururi ya kan rufe fuskarta, ƙanshin citta da kanumfari ya kai har bakin titi. Kokon na gero ne, ruwan toka, da ɗan tsami, yajinsa yana kama maƙogwaro. A hagunta 'yarta tana tsugune gaban kasko, ƙosai yana iyo cikin mai. A damanta akwai benci mai ƙafa uku, an tokare ta huɗun da bulo."

Ku dubi bencin nan. Ba wanda ya koya mata shi, ba ya cikin kowane littafi, kuma duk wanda ke unguwar ya karanta ya san wace mai koko a ke nufi. Ba ta ce matar tana da kirki ba a wannan karo, ba ta ce wurin yana da kyau ba, ta bar mai karatu ya yanke da kansa.

Siffanta mutum yana da ladabi, wannan kuwa ba ma wasa da shi. Suratul Hujurati ta hana izgili da jifan juna da miyagun laƙabi da cin naman wani, yara kuma in aka sake musu linzami, darasi ya kan koma zagi. Mun ce musu a faɗi abin da zai sa a gane mutum, da kalmar da shi kansa ba zai ji haushi ba in ya karanta. Furfura, saje, sanƙo, wushirya, bille, tabo, duk a kan faɗa. In lalura ce a faɗe ta a sarari sau ɗaya, a ce yana ɗingisa ƙafar dama, a wuce, ba a yi mata amsa-kama. Ba ma kuma yarda a siffanta ɗan aji a gaban aji, sai dai malami. Mun sha jin kamanninmu a bakin yara, waɗansu ba mu so ba, amma ba ƙarya a ciki.

Wani uba ya tare mu a hanya ya ce, "Malam, wannan wahala ta mece ce, ga hoto a waya?" Gaskiyarsa ta wani gefe, da tsohuwar nan tana da hoton jikarta da an huta. Amma hoto ba ya ɗaukar ƙanshin citta, ba ya gaya maka sunan abin da ka ke gani ko amfaninsa, waya kuwa ta kan faɗa ruwa. Muna da abin koyi a nan ƙasar. Alhaji Umaru, limamin Kete Krachi, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, ya zauna Salaga har yaƙin basasar 1892 ya watse garin, ya koma Krachi ya rasu a can a 1934, ban da waƙoƙinsa ya rubuta da ajami bayanin ƙasar Hausa da ya baro, da noma da sana'o'i da ciniki da zaman jama'a, ya ba Adam Mischlich, Bajamushen da ke mulkin Krachi a lokacin. A 1973 wani mai suna Douglas Ferguson ya juya rubutun nan da Turanci ya sami digirin dakta da shi a jami'ar Kalifoniya, masu tarihi kuma suna ta ɗiba daga ciki. Malamin nan ba ya da na'urar hoto. Ido ne da tawada.

Garin da ya zauna kuwa yau ina ya ke? Da aka gama madatsar Akosombo a 1965, tafkin Volta ya cinye tsohon Kete Krachi, aka tashi mutum wajen dubu 80 daga yankin tafkin aka zaunar da su a sababbin garuruwa 52. Waɗanda suka yi wasa a lungunan tsohon zangon Krachi suna yara, yau sun ba saba'in baya ko suna dab da ita. Waɗansu suna nan cikinmu. Akwai kuma waɗanda suka ga yadda gidaje suka zama kango a ƙarshen 1969, sa'ad da gwamnatin Busia ta kafa dokar korar baƙi. Ba sai mun je nesa ba ma, babban masallacinmu na Kumasi da aka sabunta aka buɗe a 2023, yaro ɗan shekara bakwai bai san yadda ya ke a dā ba, mu ma da muka yi salla a ciki shekara da shekaru mun soma gardama a kan ina tulunan alwala su ke.

Saboda haka ga aikin da muka ba yara na wannan wata, muna kuwa roƙon tsofaffi su ba su haɗin kai. Kowane yaro zai zauna da kakansa ko kakarsa, ko wani dattijo na gidansu, ya roƙe shi ya siffanta masa wuri guda wanda yanzu babu shi, ko gida, ko rijiya, ko rumfar kasuwa, ko mashigin jirgin ruwa. Yaro ya yi ta tambaya, ina ƙofa ta ke duba, da me aka yi rufi, me ke gefen dama, wane ƙanshi a ke ji, wace ƙara a ke ji da safe. Iyaye, in tsoho ya zame cikin labari kada a katse shi, ba ɗan aji ba ne, a bar shi ya gama a dawo da shi a hankali. Kalmar da yaro bai sani ba ya rubuta ta yadda ya ji ta, ya ja mata layi, mu za mu bincika. Kada ya wuce shafi guda. A kawo takardu ajin Asabar kafin ƙarshen wata, ko a ba mai buga wannan takarda. Uku da suka fi za mu buga su a wannan fili, da sunan unguwa, ban da sunan gida. Lissafin kasuwa kuma yana nan tafe in Allah ya kai mu. Wassalam.